Gashin mai ciwon daji, da tambayar wa zai biya

A watan Disamba na 2024 gwamnar jihar Niyok ta Amurka, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan wata doka da mutumin Yamai zai iya yi wa dariya in ya ji ta da farko. Dokar ta tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya, a tsarin da ke ɗaukar ma'aikata masu yawa a rukuni ɗaya, su riƙa biyan kuɗin wata hula mai sanyi da ake sa wa masu ciwon daji lokacin da ake ɗura musu maganin kemo, don kada gashin kansu ya zube. An tsai da 1 ga Janairu 2026 a matsayin ranar fara aiki da ita, kuma Niyok ce jiha ta farko a Amurka da ta yi irin wannan doka.

Na san abin da da yawa daga cikinmu za su ce: mai ƙoshi ne ke zaɓen nama, mu da ke neman kuɗin maganin kansa ina ruwanmu da gashi? Ni malamar firamare ce a Tondibiya, ajina cike da 'ya'yan sojoji da na masu lambu da masunta na bakin kogi, kuma na san abin da takardar magani guda ɗaya take yi wa albashi. Duk da haka ina ganin labarin hular nan ya shafe mu. Nijar ma ta taɓa yin doka a kan ciwon daji na mata, tun 2007, doka mai ƙarfin hali fiye da ta Niyok. In aka jera tarihin dokokin biyu, za a ga abin da ɗaya ta rubuta ɗayar ta bari.

Mu fara da gashin. Maganin kemo yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa ne, domin haka ƙwayoyin daji suke. Sai dai bai iya bambance su da sauran masu saurin rabuwa a jiki ba, kuma saiwar gashi na cikinsu. Shi ya sa mako biyu zuwa uku bayan ɗurin farko gashi ke fara bin mataji, ya kwanta a kan matashin kai. Ba kowane maganin kemo ke yin haka ba, amma waɗanda aka fi ba masu sankarar mama suna yi.

Tun shekarun 1970 ma'aikatan jinya a Turai da Amurka suka lura cewa in aka ɗora ƙanƙara a kan mara lafiya, zubar takan ragu. Dalilin ba mai wuya ba ne: sanyi yana sa ƙananan jijiyoyin jini na fatar kai su tsuke, maganin da ke isa saiwar gashi ya ragu, ita ma saiwar ta rage aiki. Da jakunkunan ƙanƙara aka fara. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta hana sayar da irin waɗannan huluna saboda babu isasshiyar shaida a kan amfaninsu da amincinsu. Ana kuma tsoron kada fatar kai ta zama maɓoyar cutar, tunda magani bai isa can sosai ba.

A Turai aikin bai tsaya ba. A Suwidin wata ma'aikaciyar jinya, Yvonne Olofsson, ta ƙirƙiro hular da daga baya aka sa wa suna DigniCap, a shekarun 1990. A Ingila kuwa, a garin Huddersfield, iyalin Paxman sana'arsu ƙera na'urorin sanyaya giya ne. Matar ɗaya daga cikinsu ta kamu da sankarar mama, gashinta ya zube, sai mijin ya juya ilimin sanyaya zuwa ga kan mutum. An kafa na'urarsu ta farko a asibitin garin a 1997. Hular yanzu ba ƙanƙara ba ce. Ruwa mai sanyi ne ke zagayawa a cikinta daga wata na'ura, ana sa ta wajen rabin awa kafin ɗuri, a bar ta duk tsawon ɗurin, sannan a ƙara wani lokaci bayan an gama.

Sai a Disamba 2015 FDA ta amince da DigniCap, ta Paxman kuma a 2017. A wannan shekarar mujallar likitoci ta JAMA ta buga bincike biyu. A ɗaya, kusan rabin matan da suka sa hular sun tsira da yawancin gashinsu, waɗanda ba su sa ba kuwa ko ɗaya ba ta tsira ba. A ɗayan, wajen biyu cikin uku ne suka tsira. Daga nan matsalar ta koma ta kuɗi. Mara lafiya kan biya dala dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu uku daga aljihunta, kamfanonin inshora da dama na cewa wannan kwalliya ce, ba magani ba. Irin gardamar da aka yi ke nan a kan sake gina mama bayan an cire shi, har sai da majalisar Amurka ta yi doka a 1998 ta ce duk inshorar da ta biya kuɗin cirewa dole ta biya na ginawa. Faransa ta bi ta wata hanya: tun Afrilu 2019 asusun lafiyarta yana biyan yuro 350 na gashin kanti ga mai wannan lalura, a da 125 ne.

Abin lura a dokar Niyok shi ne ba ta ce hula kyauta ce ba. Ta nuna mai biya da yatsa, ta kira sunan abin da zai biya, ta sa rana. Akwai asusu da ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki ke zuba wa kuɗi kowane wata, doka ta ce a ƙara wannan a jerin abin da asusun zai ɗauka. Ku riƙe wannan, mu dawo gida.

Iyayenmu sun tashi a zamanin da ake zuwa likita ba a biya. Bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnati ce ke ɗauke da dakunan shan magani, kuma kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 ya taimaka. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya hau ƙasa, aka shiga tsuke bakin aljihu, sai kyautar ta zama ta suna kawai: ganin malamin asibiti ba ko dala, amma kantar magani wayam, a rubuta maka takarda ka tafi farmasi. A Satumba 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF, suka amince cewa jama'a su riƙa biyan wani abu, a juya kuɗin a sayo magani mai rahusa, kada kanta ta sake bushewa.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a koya mana a makarantar horon malamai ba, kuma shi ya fi burge ni. Kafin Nijar ta zaɓi yadda za a biya, sai da ta gwada. A 1993 aka ɗauki gundumomi uku. A Say, duk wanda ya zo da ciwo zai biya sefa 200, yaro 100. A Boboye aka yi wani tsari daban: kowane mai biyan haraji zai ba da sefa 200 a shekara, dala arba'in ke nan, ko ya yi ciwo ko bai yi ba, in kuma ciwo ya zo sai ya biya dala goma kacal, yaro dala biyar. Illela aka bar ta yadda take don a samu abin kwatantawa. Abin da aka yi a Boboye inshora ce, ko da ba a kira ta da sunan ba: mai lafiya ya tallafi mara lafiya tun kafin a san wa zai kwanta. Kuma binciken da aka yi ya nuna zuwa asibiti ya ƙaru a Boboye, musamman tsakanin talakawa da mata da yara. Sai ga faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairu 1994, magani daga waje ya yi tsada. A 1995 aka yi dokar biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci, kuma abin da ya bazu a ƙasa shi ne irin na Say, biya a bakin ƙofa. Tara haraji da kai shi inda ya dace aiki ne mai wuya, karɓar kuɗi a taga kuwa kowa ya iya.

Shekara goma aka yi a haka. Wanda ya girma a lokacin ya san matar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida ana neman kuɗin kai ta, ya san yaron da aka tsaya yi wa jiƙo har zazzaɓi ya haye masa kai. Sai a mulkin Tandja Mamadou abubuwa suka juya, kuma da sauri. A ƙarshen 2005 aka ce tiyatar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara awon ciki, da tsarin iyali, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Yuli 2007 aka fitar da dokar da ta ce duk abin da ya shafi ciwon daji na mata a asibitocin gwamnati kyauta ne. Ku duba fa: ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a duniya ta rubuta a takarda cewa mace mai sankarar mama ko ta mahaifa ba za ta biya ba. Ba a yi wannan da ka ba. Tun 1992 ake da rajistar masu ciwon daji a ƙasar nan, kuma sankarar mama ce kan gaba a cikin mata.

Tsarin da aka yi shi ne asibiti ya yi aiki, ya rubuta lissafi, ya aika, baitulmali ya maido masa. Maidowar ce ta zama wuya. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke nan Yamai sun bi wannan al'amari shekara da shekaru, kuma littafin da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka shirya a 2014 a kan magani kyauta a Burkina Faso da Mali da Nijar ya bayyana shi dalla-dalla. An yanke shawara daga sama cikin gaggawa, ba a shirya kuɗin da zai ɗauke ta ba, takardun lissafi suka taru wata da watanni, wasu shekara da shekaru, bashin da asibitoci ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa. Asibitin da ba a biya shi ba ba zai iya sayen magani ba. Sai aka koma gidan jiya: kyauta a takarda, takardar magani a hannu. Ban ce kyautar ba ta yi amfani ba. Iyaye mata sun yi tururuwa da yara zuwa asibiti bayan 2006, kuma mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai a waɗannan shekaru. Amma maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku daban, kemo daban. Kemo zagaye-zagaye ake yi, yawanci kowane mako uku, sau shida ko takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. In zagaye na uku ya zo babu magani, ko dai dangi su sayar da filin gado, ko a jira, cuta kuwa ba ta jira.

Ƙona cutar da haske, wanda mu ke ce wa gashi (wani gashin ke nan, ba na kai ba), babu shi ma sam a ƙasar. Mai hali ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyin fitar da shi yakan tafi Maroko ko Tunisiya ko Faransa. Sai a 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara wannan aiki, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Shekara goma sha huɗu ke nan bayan dokar da ta ce kyauta ne. A Agusta 2024 kuma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga 1 ga Satumba, ta ce haihuwa kyauta, ta soke sefa 150,000 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu. An ji daɗin wannan a unguwarmu, ni ma na ji. Tambayar 2007 ce dai ke nan daram: rabin da aka ɗauke wa mara lafiya, daga wane asusu za a maida wa asibiti, kuma yaushe?

To gashin fa? Akwai masu cewa matanmu ba su da wannan damuwa tunda kai a rufe yake, ga kallabi ga hijabi. Mai faɗin haka bai taɓa zama a tsakar gida ranar kitso ba. Kan da aka rufe wa titi ba a rufe wa miji shi ba, ba a rufe wa kishiya ba, ba a rufe wa makitsiya ba. Mace takan yi shekara goma makitsiya ɗaya ke mata shuku da kalaba, in ta daina zuwa wata biyu unguwa ta sani. Biki ko suna in ya taso, lalle da kitso su ne shiri, wadda ta ƙi zama a taba mata kai sai an tambayi dalili. Ga kuma gira, wadda babu mayafin da ke rufe ta.

Akwai mahaifiyar wata ɗalibata, shekarun baya, da ta fara kemo ta yi zagaye biyu. Da gashin ya fara zuba sai dangin mijin suka ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne, ga shaida nan a kanta, wasu ma suka fara raɗe-raɗin ƙanjamau. Aka tsai da zuwa asibiti aka koma wajen masu magani na gida. Ba wanda ya zaunar da ita da mijinta tun farko ya ce musu: gashi zai zube, alamar magani ce ba alamar cuta ba, kuma zai dawo wata uku zuwa shida bayan an gama. Ko an faɗa mata, ita kaɗai aka faɗa wa, a ranar da kunnenta ba ya jin komai ban da sunan ciwon. Da aka maida ta asibiti bayan wata bakwai, abin ya riga ya yi nisa. 'Yar ta bar makaranta a wannan shekarar don ta riƙe ƙannenta. Saboda haka in an ce mini gashi kwalliya ne, ba na yarda. Abin da zai sa mace ta bar magani a tsakiya, ɓangare ne na jinyar.

Amma kada a ɗauka ina kiran a sayo mana hular Niyok gobe. A binciken 2017 ɗin nan, waɗanda aka ba magungunan da ake kira taxane 59 cikin 100 ne suka tsira da gashi, waɗanda aka ba dangin doxorubicin kuwa, wannan jan maganin, 16 ne kawai. Jan maganin kuwa, da yake tsoho ne mai rahusa, yana cikin waɗanda aka fi dogara da su a ƙasashe irin namu. Sannan yawancin matan da aka gwada hular a kansu masu gashi mai santsi ne. Wani ƙaramin bincike a Amurka da aka buga a 2021, a kan mata baƙar fata 15, sai dakatar da shi aka yi saboda hular ba ta yi musu aiki yadda aka zata ba. Ana zaton cikar gashi irin namu na hana sanyin isa fatar kai. Ba a kuma sa ta ga masu dajin jini. Ƙara da wutar lantarki ta awa huɗu ko biyar ba yankewa a zafin watan Afrilu, da kujerar da mutum ɗaya zai riƙe alhali layi na jira a waje. Da za a ba ni zaɓi tsakanin na'ura ɗaya da maganin zagaye shida na mata ashirin, ba zan yi dogon tunani ba.

Abin da nake so mu ɗauka daga Niyok shi ne yadda ake rubuta doka. Mu malamai mun fi kowa sanin bambancin, domin a ɗakin malamai ɗaya muna zaune kashi biyu. Wanda ya samu lamba ya zama cikakken ma'aikaci, gwamnati na ɗauke masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciya da gwaje-gwaje a asibitocinta, in ya bi layin takardu. 'Yan kwantiragi, waɗanda aka fara ɗauka tun ƙarshen shekarun 1990 har suka zama su ne mafi yawa a firamare, sun daɗe suna dogaro da adashi da karo-karo. Ba a yin wata uku ba a zagaya da takarda ba: wane ba shi da lafiya, kowa ya kawo jika ɗaya. Muna yin Boboye da kanmu ke nan, sai dai bayan ciwo ya riga ya zo, kuma gwargwadon farin jinin mutum. Maƙwabtanmu a Nijeriya sun yi doka a Mayu 2022 da ta ce inshorar lafiya dole ce ga kowa, suna kuma da wani asusu na masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wanda asibitin koyarwa na Zariya ke cikin waɗanda aka fara da su. Su ma tsakanin takarda da kantar magani akwai tafiya, amma aƙalla an kira sunan asusu.

Ita dokarmu ta 2007 mata ta ambata. Mai gadin makaranta da dajin hanta ya kama ba ya ciki. Yarinya 'yar shekara takwas ta wuce kyautar 'yan ƙasa da biyar, ciwonta kuma ba na mama ba ne ba na mahaifa ba. Irin wannan yarinyar in Allah ya ba ta sauƙi ajinmu za ta dawo, kai ba gashi. Namiji ba ruwansa, kowa ƙwal yake. Ita kuwa ɗan kwalinta ne abin wasan farko a filin makaranta, in malama ba ta riga ta yi wa aji magana ba kafin ranar da za ta shigo, ta faɗa musu ciwon ba ya yaɗuwa, gashin kuma zai fito.

Duk lokacin da ƙungiyoyinmu na malamai suka zauna da gwamnati, maganar albashi da bashin alawus ke cinye zaman, kuma da gaskiyarsu. Ina so dai a samu mutum ɗaya a teburin da zai tambayi abu uku game da asusun lafiyar malamai, har da 'yan kwantiragi: nawa za a cire mana a wata, wane ofis ne zai biya asibiti kuma cikin kwana nawa, sannan a karanto mana jerin abin da asusun zai ɗauka, layi-layi. In an zo layin ciwon daji, a ga kemo zagaye nawa, a ga gwajin jini, a ga kuɗin mota na wadda za ta taso daga Tawa ko Damagaram kowane mako uku, a ga zaman bayani da mijinta da uwar mijinta kafin ɗurin farko.